Ina ruwan gishiri da cancanta? Sharhi kan salon maganar Turanci "worth his salt"

Duk mai bin jaridun Turanci ko muhawarar talabijin a Najeriya da Ghana ya sha jin jimla irin wannan: "Any lawyer worth his salt knows that." Lauya kan faɗe ta a harabar kotu bayan an ɗage shari'a, ɗan siyasa kan jefi abokin hamayya da ita, mai sharhin ƙwallo kan auna koci da ita. Mai sauraro ya san "lawyer" lauya ne, ya san "salt" gishiri ne, amma ya rasa abin da ya haɗa lauya da gishiri. Daga nan sai fahimta ta rabu. Wani ya ɗauka babban yabo ne, wani ya ɗauka habaici ne, wani kuma ya zaci ana maganar kuɗin da lauyan yake karɓa.

Rikicin bai tsaya kan masu karatun jarida ba. Jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO da JAMB tana da tambayoyin da ake ba ɗalibi jimla mai ɗauke da irin wannan magana, a ce ya zaɓi ma'anar da ta fi kusa. Mai fassara labarai a gidan rediyo kuwa 'yan mintoci gare shi ya samo Hausar da za ta zauna daidai, kuma abin da ya faɗa shi dubban masu sauraro za su tafi da shi.

Abin da maganar take nufi

Turawa na kiran irin wannan magana "idiom", wato salon magana da ba a gane ma'anarsa ta hanyar tattara ma'anar kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Hausa cike take da irinsa. Baƙon da ya koyi "ci" ya kuma koyi "fuska" ba zai gane "cin fuska" ba sai an yi masa bayani, haka ma "shan kashi" da "jan kunne".

Kalmar "worth" tana nuna cewa darajar wani abu ta kai ta wani abin. Idan an ce mutum yana "worth his salt", asalin lissafin shi ne aikinsa ya kai abin da ake kashewa a kansa. A Turancin yau ma'anar ta ɗan faɗaɗa: mutumin da ya san aikinsa, wanda ya cancanci a kira shi da sunan sana'ar da yake yi.

Abin da ya fi kuɓuce wa masu koyo shi ne matakin da wannan ma'auni yake tsaye. Matakin farko ne na ƙwarewa. Wanda ya ce "Any mechanic worth his salt can fix this" bai ce ana buƙatar gwani na gwanaye ba. Cewa yake wannan gyara ƙaramin abu ne da ake sa ran kowane bakanike na gaskiya ya iya, wanda ya kasa kuwa akwai shakka kan ko bakaniken ne ma. Shi ya sa maganar take da fuska biyu: tana yaba wa wanda ya haye ma'aunin, tana kuma fitar da wanda ya gaza daga sahun masu sana'ar.

Ya kamata kuma a bambance cancanta iri biyu, domin Hausa kan haɗa su a kalma guda. Akwai cancantar sakamako, kamar ɗalibin da ya cancanci kyauta ko ɓarawon da ya cancanci hukunci. Akwai cancantar matsayi, kamar likitan da ya cancanci a ce masa likita. "Worth his salt" ta biyun take aunawa. Ba a amfani da ita wajen cewa wani ya cancanci lambar yabo ko ɗauri.

Yadda ake gina ta a jimla

Wakilin sunan da ke tsakiya yana bin wanda ake magana a kansa: "his" ga namiji, "her" ga mace, "their" ga jam'i ko inda ba a fayyace jinsi ba, "its" ga kamfani, jarida ko makaranta. Galibi tana zuwa bayan sunan sana'a, da "any" ko "no" a gaba. "No journalist worth her salt would publish that" na nufin babu 'yar jarida ta gaskiya da za ta buga wannan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rikita "worth" da "worthy". Ta farko ba ta buƙatar "of", ta biyu sai da shi. Don haka "worth of his salt" da "worthy his salt" duk ba su yi ba.

Labarin sojojin Rum

Kusan duk wanda ya taɓa tambayar asalin maganar amsa guda aka ba shi: wai a Daular Rum da gishiri ake biyan sojoji, daga nan aka samo kalmar "salary", kuma sojan da ya yi aikinsa da kyau shi ne ya cancanci gishirinsa. Labari ne mai daɗin faɗa, malamai suna ba da shi a aji, masu jawabi suna buɗe taro da shi. Sai dai in an rarrabe shi, wani yanki ne kawai yake da ƙafa.

Yankin da ya tabbata shi ne na kalmomi. A harshen Latin gishiri "sal" ne, kuma akwai kalmar "salarium" mai nufin albashi ko alawus, wadda ta haifi "salary" ta Turanci da "salaire" ta Faransanci da ma'aikatan Nijar, Chadi da Kamaru suka sani. Marubucin Rum Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya lokacin aman dutsen Vesuvius, ya rubuta cewa gishiri yana da alaƙa da muƙamai da aikin soja, kuma daga gare shi aka samo sunan albashi. Rumawa suna da tsohuwar hanya mai suna Via Salaria, wato hanyar gishiri, wadda ta tashi daga birnin Rum ta nufi gaɓar tekun Adriatic. Babu mai jayayya cewa gishiri yana da muhimmanci a wurinsu.

Inda aka rabu shi ne kan abin da ake ginawa a kan wannan. Ra'ayi na farko, wanda ya fi yaɗuwa, ya ce gishirin kansa ake auna wa soja a matsayin albashi. Na biyu ya fi taka tsantsan: ya ce kuɗi ake ba soja don ya sayi gishiri. Wannan shi ne bayanin da ƙamus ɗin Latin na Lewis da Short, wanda aka buga a 1879, ya bayar, kuma daga irin waɗannan ƙamusoshi ya shiga littattafan makaranta. Ra'ayi na uku na masu binciken tsofaffin rubuce-rubuce ne, cikinsu har da Peter Gainsford na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya bi diddigin labarin a 2017. Su sun ce babu wani rubutu na zamanin Rum da ya faɗi ɗaya daga cikin biyun, kuma Pliny kansa bai ce an biya kowa da gishiri ba.

Abin da aka sani game da albashin sojan Rum yana ƙarfafa ra'ayi na uku. Sunan albashin soja "stipendium" ne, kuma da tsabar kuɗi ake lissafa shi. A zamanin sarki Augustus sojan rundunar ƙasa yana samun dinari 225 a shekara, sai sarki Domitian ya ƙara shi zuwa 300 wajen ƙarshen ƙarni na 1. Dinarin nan na azurfa ne, kuma daga sunansa Larabci ya samo kalmar da ta iso Hausa. Takardun biyan albashi da aka tono a Masar sun nuna ana cire wa soja kuɗin abinci da tufafi da takalmi daga abin da ya samu, kamar yadda ake cire wa ma'aikaci wasu kuɗaɗe a yau.

Akwai kuma matsalar lokaci. Daular Rum ta yamma ta faɗi a shekara ta 476. Ita kuwa maganar Turancin ba ta fara bayyana a rubuce ba sai farkon ƙarni na 19. Ɗaya daga cikin tsofaffin misalan da masu bincike ke nunawa ya fito ne daga Afirka ta Yamma: Philip Beaver, hafsan sojan ruwan Ingila da ya jagoranci yunƙurin kafa matsuguni a tsibirin Bolama na ƙasar Gini Bisau ta yau a 1792, ya buga labarin tafiyar a 1805, inda ya ce wani mutuminsa a da shi ne mafi amfani, amma kwanan nan ya zama "not worth his salt". Tsakanin faɗuwar Rum da wannan jimla akwai shekaru fiye da 1,300. Wanda ya ce maganar gadon sojojin Rum ce, sai ya nuna inda ta ɓuya duk tsawon wannan zamani.

Gishirin tsada ko gishirin araha?

Ko an ajiye Rum gefe, tambaya ta rage: me ya sa gishiri? Nan ma fassara biyu ce, kuma suna fuskantar juna.

Ta farko ta ce gishiri kaya ne mai daraja, don haka wanda ya kai darajar gishirinsa ya kai wani abu babba. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Kafin zuwan firij, da gishiri ake adana nama da kifi, jiragen ruwa kuma da naman da aka jiƙa da gishiri suke ciyar da matuƙa a doguwar tafiya. A Ingila gwamnati tana karɓar haraji a kansa har zuwa 1825.

Mai karatun Hausa ba ya buƙatar a kai shi Turai kafin ya yarda gishiri dukiya ne. Ayarin raƙuman Buzaye yana ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Fachi da Bilma, tafiyar da ta haura kilomita 500, ya ɗauko gishirin kantu da na beza ya kawo kasuwannin ƙasar Hausa a musanya da gero da tufafi. Can yamma, matafiyin nan Ibn Battuta ya ratsa Taghaza, garin haƙar gishiri a hamadar Sahara, a 1352, ya tarar da gidaje da masallaci an gina su da fallayen gishiri. Ya rubuta cewa kayan raƙumi guda ana sayar da shi miskali 8 zuwa 10 na zinariya a Walata, a birnin Mali kuwa 20 zuwa 30, wani lokaci har 40, kuma mutane suna yanka gishirin gunduwa-gunduwa suna ciniki da shi. A Habasha sandunan gishiri da ake kira amole sun yi aikin kuɗi har cikin ƙarni na 20. Hujjar amfani da gishiri a matsayin kuɗi ta fi ƙarfi a Afirka fiye da Rum, ko da yake wannan bai nuna daga Afirka maganar Turancin ta fito ba.

Fassara ta biyu ta juya lissafin. Ta ce gishiri a nan yana wakiltar mafi ƙanƙantar abin da maigida ke kashewa wajen ciyar da ɗan aikinsa. Wanda bai kai darajar gishirinsa ba shi ne wanda aikinsa bai biya ko ɗan barbaɗin da ke cikin miyarsa ba, balle hatsi da nama. Mutanen Sukotlan suna da tsohon karin magana kan mutumin da ba ya iya samo ko gishirin miyar ganyensa. Tsofaffin Girkawa kuma suna da kalmar raini ga bawa mai araha, ma'anarta wanda aka saya da gishiri, domin mutanen cikin ƙasar Thrace, maƙwabtan Girkawa ta arewa, suna ba da bayi a karɓi gishiri.

Idan aka auna, fassara ta biyu ta fi dacewa da yadda maganar take aiki. Misalin Beaver na korewa ne, wato da "not" ya zo, ƙorafin shugaba ne kan ma'aikacin da ya daina taɓuka komai. Kuma har yau, kamar yadda aka gani a sama, ma'aunin na matakin farko ne. Da gishirin dukiya ake nufi, da maganar ta zama babban yabo, irin wanda Turanci ya riga ya tanadar wa "worth his weight in gold", wato wanda darajarsa ta kai nauyinsa na zinariya.

A gefe guda akwai wata tsohuwar ma'ana ta gabas, inda cin gishirin mutum yake nufin zama ƙarƙashin ciyarwarsa. A Littafin Ezra na Tsohon Alkawari, ma'aikatan sarkin Farisa sun rubuta masa cewa suna cin gishirin fada, don haka ba za su zuba ido a ci mutuncin sarki ba. A Hindi da Urdu "namak halal" mai riƙon amana ne, "namak haram" kuma butulu. Turanci ma yana da "true to his salt". Amma wannan zancen biyayya ne da amana. Mutum na iya zama mai amana ga maigidansa alhali bai iya aikin ba.

Yadda za a faɗe ta da Hausa

Fassarar kalma da kalma tana da haɗari na musamman a nan, domin gishiri yana da nasa aikin a salon maganar Hausa. Mai ba da labari ya "ƙara gishiri" idan ya zuzuta abin da ya faru. Abin da ke sa hira armashi shi ne "gishirin zance". Idan mai fassara ya ce "ɗan jaridar da ya cancanci gishirinsa", mai sauraro na iya jin ana nufin ɗan jarida mai ƙarin gishiri, wanda kishiyar abin da aka nufa ne.

Hausar da ta fi zama daidai ita ce "wanda ya amsa sunansa" ko "wanda ya ci sunansa". "Any teacher worth her salt prepares before class" sai ta zama "Duk malamar da ta amsa sunanta sai ta yi shiri kafin ta shiga aji." Ma'auni guda ne a harsunan biyu: akwai suna, akwai aiki, ana duba ko sun haɗu. Inda aka yi korewa, "babu lauyan da ya san aikinsa da zai..." ta wadatar.

Idan zancen ya karkata ga albashi, kamar shugaba yana kukan ma'aikacinsa, Hausa tana da "albashin banza yake ci" ko "ba ya tsinana komai". "Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba" ta yi kusa ƙwarai ta fuskar lissafi, domin ita ma tana auna abin da aka kashe da abin da aka samu, kuma ita ma da ƙaramin kayan gida take misali. Bambancin shi ne ta fi dacewa da aiki, ciniki ko yunƙuri, ba a cika ɗora ta kan mutum kai tsaye ba. "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski" kuwa tana magana kan wajibcin aiki bayan an karɓi lada, ba ta taɓo gwaninta ba.

Makusantanta da ake rikitawa

A jaridun Najeriya ana yawan ganin "worth his onions". Wannan haɗin magana biyu ne: "worth his salt" da "knows his onions", wadda ta fito daga Amurka a shekarun 1920 kuma take nufin mutum ya laƙanci fanninsa. Malaman Turanci da yawa suna ƙirga haɗin a matsayin kuskure. Wasu masana harshe kuma suna ganin Turancin Najeriya yana da 'yancin ƙirƙirar nasa salon, suna nuni da yadda ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi irin su okada, danfo da Kannywood a Janairun 2020. Dukkan ɓangarorin suna da abin kamawa. Amma a zauren jarrabawa da takardar neman aiki, siffar da ƙamus ya sani ce ba ta jawo asarar maki.

"Just deserts" ita ce ta cancantar sakamako, galibi mummuna, daidai da "abin da mutum ya shuka shi zai girba". Ana rubuta ta da "s" guda a tsakiya, domin daga tushen "deserve" take, ba ta nufin "desert" (hamada) ko "dessert" (kayan zaƙi). "Take it with a pinch of salt" kuma tana nufin kada a gaskata labari duka. A nan harsunan biyu sun yi rabon aiki: a Hausa mai ba da labari ne ke ƙara gishiri, a Turanci mai sauraro ne ke sa nasa don labarin ya haɗiyu.

Abin da ya shafi mai karatu da ma'aikaci

Babban tasirin maganar a rayuwar yau yana cikin muhawara. Jimlar "any economist worth his salt knows..." tana yin abu biyu a lokaci guda: tana gabatar da ra'ayi, tana kuma shelanta cewa duk masanin da ya saɓa ba masani ba ne. Tun kafin abokin muhawara ya buɗe baki an riga an sa takardar shaidarsa a sikeli. A takaddamar cire tallafin man fetur a Najeriya da ta biyo bayan Mayun 2023, alal misali, masana tattalin arziki masu ilimi sun rabu kan lokaci da tsari da matakan rage raɗaɗi, kuma mai goyon baya da mai suka kowanne yana iya buɗe zancensa da wannan jimla ba tare da ya ƙara hujja ko ɗaya ba.

Wannan bai sa kowane amfani da ita ya zama dabara ba. Akwai abubuwan da masu sana'a suka yi ittifaƙi a kansu: likitan tiyata ya wanke hannu, mai sayar da magani ya duba ranar lalacewa, ɗan jarida ya ji ta bakin wanda ake zargi, magini ya duba tushe kafin ya ɗora hawa. A irin waɗannan, maganar tana kare talaka, domin tana tuna masa abin da yake da haƙƙin nema daga wanda ya biya. Abin da mai karatu zai duba shi ne ko abin da ya biyo bayan jimlar ƙa'ida ce da masu fannin suka yarda da ita, ko kuwa ra'ayi ne da suke jayayya a kansa.

A wurin aiki kuma nauyinta ya danganta da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa. Idan shugaba ya ce wa sabon ma'aikaci ya nuna yana "worth his salt", gargaɗi ne mai laushi cewa ana auna shi, musamman a watannin gwaji. Idan ƙarami ya faɗa wa babba "you are worth your salt" da niyyar yabo, ya yi kamar wanda ya ce wa malaminsa "ai ka ci albashinka", kuma mai jin Turanci sosai zai ji ƙamshin raini. Haka nan a takardar shaida da ake rubuta wa ɗalibi mai neman tallafin karatu a waje: kwamitin da ya karanta cewa ɗalibin yana "worth his salt" zai fahimci cewa ya wuce matakin farko ne kawai, a gasar da sauran takardu ke cewa nasu ɗaliban sun yi zarra.